Na Raka Alhaji Sayen Bindiga a Texas

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga birnin Houston na jihar Texas nake magana, a cikin mota, kuma na kashe na'urar sanyi don kada ƙararta ta ɓata mana sauti, in kun ga ina sharce gumi sai ku yi haƙuri. Tambayar da kuka fi turo mini ita ce: wai da gaske a Amurka ana sayar da bindiga kamar gyaɗa a bakin tasha? To, ya danganta da wanda za ka saya a hannunsa. In mai shago ne, sai an bi diddiginka. In kuwa wani ne kawai yake son rabuwa da tasa, a jiha irin tamu nan, maganarku ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Makon jiya na raka wani yayanmu, Alhaji muke ce masa, yana da ɗan kanti a gidan mai, kuma yakan kai tsakar dare bai rufe ba. An yi wa maƙwabcinsa fashi, shi ne ya ce shi ma bari ya nemi abin kare kai. Yana da takardar zama ta dindindin, girin kad, don haka doka ta ba shi dama. Masu shagon ba su yarda a ɗauki bidiyo a ciki ba, shi ya sa za ku ji labarin da baki.

Shago ne fes, haske ta ko'ina, sai ƙanshin man goge ƙarfe. Ƙananan bindigogi suna jere cikin gilashi, kowace da takardar farashi a ɗaure, dogayen kuma an rataye su a bango bayan kanta. Ba tayi, ba albarka, abin da aka rubuta shi za ka biya, a ɗora maka harajin saye na kashi 8.25 cikin ɗari. Alhaji ya nuna wata ƙaramar bindiga ƙirar Glock. Kafin mai shagon ya miƙa masa, sai da ya zare gidan harsashin, ya ja saman bindigar baya, ya leƙa, ya juyo ya nuna mana babu komai a ciki, sannan ya ba shi bakinta na kallon ƙasa. Alhaji ya karɓa, ya ji nauyinta a hannu, ya waiwayo zai yi mini magana, bakin bindigar ya biyo shi ya nufo cikina. Kafin ka ce kwabo mutumin ya sa yatsu biyu ya danne ta ƙasa. Ya ce, “Yallaɓai, a nan ba mu da bindigar da babu harsashi. Kowace mai harsashi ce, ko da ni na duba ta yanzu.” Ya faɗa da murmushi, amma idonsa bai yi murmushin ba.

Daga nan aka zo kan fom. Duk wanda ya taɓa sayen bindiga a shago ya san shi da lambarsa, 4473, na hukumar ATF mai kula da harkar makamai. Ka kawo lasisin tuƙi mai ɗauke da adireshinka na yanzu. Ƙaramar bindiga sai ka cika shekara 21, doguwa 18. Wanda ba ɗan ƙasa ba sai ya rubuta lambarsa ta shige da fice. Sai tambayoyin e ko a'a: kai ne ainihin mai sayen, ko wani ya aiko ka? An taɓa yanke maka hukunci kan babban laifi? An taɓa hukunta ka kan dukan iyali? Kotu ta taɓa yanke cewa kana da taɓin hankali? Kana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi? A wannan ta ƙarshe har gargaɗi suka rubuta cewa wiwi haramun ce a dokar tarayya ko da jiharku ta halatta ta. Kada ka ɗauka tambayoyin cika takarda ne. Ɗan tsohon shugaban ƙasa Joe Biden, wato Hunter, a kan amsar da ya bayar ga tambayar ƙwayoyin nan kotu ta same shi da laifi a 2024, sai daga baya mahaifinsa ya yi masa afuwa. Ni da kai ba mu da uba a fadar White House.

Da Alhaji ya sa hannu, mai shagon ya shigar da bayanansa a kwamfuta zuwa tsarin binciken da FBI ke gudanarwa, NICS. Dokar Brady ta 1993 ce ta haifar da shi, ya fara aiki a ƙarshen 1998. Amsa uku ce ke dawowa: a ba shi, a dakata, ko a hana shi. Wani Bature da ya zo bayanmu, kafin ya gama zaɓar harsashi tasa amsar ta dawo, ya rungumi akwatinsa ya fice. Ta Alhaji ta dawo da a dakata.

Fuskarsa ta canza. Ya matso kusa da kunnena ya ce, “Ƙanena, me na yi musu? Ko sunan ne?” Na ce, “Alhaji, kwantar da hankalinka, bari mu ji.” Mai shagon ya ce wannan ba hanawa ba ce. Wanda ba ɗan ƙasa ba, sai an ƙara tuntuɓar hukumar shige da fice a tabbatar zamansa na halal ne, kuma in sunanka ya yi kama da na wani mai laifi, sai ɗan adam ya zauna ya bambanta ku. Mu kuwa kun san yadda muke da Muhammadu da Abubakar. Alhaji ya bar layin lambar zaman ƙasa ta Social Security fayau don an ce ba dole ba ne, alhali ita ce ke saurin raba ka da mai irin sunanka.

Doka ta ba FBI kwana 3 na aiki. In ba su ce komai ba, mai shago yana da damar miƙa bindigar, ko da yake ba a tilasta masa ba, kuma wannan shagon sun ce su sai sun ji amsa. Ta wannan ƙofar ta kwana 3 ne yaron da ya kashe mutum 9 a wani cocin baƙar fata a birnin Charleston na jihar South Carolina a 2015 ya samu tasa bindigar, don mai binciken bai kai ga takardar da za ta hana shi ba kafin wa'adi ya cika. Alhaji dai sun buga masa waya kafin wa'adin, ya koma ya karɓa. Hajiya kuma ta ce ba za ta kwana gida ɗaya da ita ba sai an sayo akwatin ƙarfe mai kulle, kuma tana da gaskiya, don a Texas laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai hannu.

Muna tsaye a wurin aka yi wani abu da ya burge ni. Wani saurayi da budurwa suka shigo. Shi ya zaɓa, shi ya gwada riƙon, shi ya tambayi farashi, amma da aka zo kan fom sai ya turo ta gaba, ya ciro kuɗi ya danƙa mata. Mai shagon ya mayar da bindigar cikin gilashi ya kulle. Ya ce, “Yau ba zan sayar muku ba.” Saurayin ya ɗaga murya, ya kawo maganar 'yancinsa a tsarin mulki, mutumin ya ce shago nasa ne, lasisi nasa ne. Saye wa wanda doka ta hana laifi ne da kan kai ɗaurin shekara 15 tun bayan dokar 2022, wadda aka yi bayan kisan yara 19 da malamai 2 a makarantar firamare ta Uvalde, a nan Texas.

To, ran Asabar sai na leƙa baje kolin bindigogi, irin wanda ake yi a manyan ɗakunan taro a ƙarshen mako. Yawancin masu tebur a ciki masu lasisin sayar da bindiga ne, kuma fom ɗin nan da binciken nan suna biye da su har can. Amma a tsakanin layukan za ka ga dattijo yana yawo da doguwar bindiga a rataye a kafaɗa, ya soka ɗan tsinke a bakinta da takarda mai farashi. Shi ba ɗan kasuwa ba ne, tasa ce yake son sayarwa. Na tsaya na ga an yi ciniki ɗaya: mai saye ya duba, ya taya, aka ɗan ja, dattijon ya sallama, ya ce a nuna masa lasisin tuƙi na Texas, ya kalla da ido, aka ƙirga kuɗi, aka gaisa. Shi ke nan. Ba fom, ba FBI.

Kuma halal ne. Dokar tarayya ta ɗora binciken ne a wuyan mai lasisi. Mutum biyu mazauna jiha ɗaya suna iya cinikinsu hannu da hannu, muddin mai sayarwa bai sani ba, kuma ba shi da dalilin zargin, cewa mai sayen yana cikin waɗanda aka hana. In jiharku ba ɗaya ba ce, dole a bi ta shago. Sauran kuma ya rage wa kowace jiha. A Kalifoniya ko abokinka za ka sayar wa sai kun je gaban mai lasisi, a yi bincike, a jira kwana 10. Jihohin da suka tsaurara haka ba su kai rabi ba. Texas ba ta ciki, hasali ma tun Satumban 2021 wanda doka ba ta hana shi ba yana iya yawo da ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Facebook ya hana irin wannan talla a shafinsa tun 2016, amma akwai shafukan intanet da aka buɗe musamman don haɗa mai saye da mai sayarwa.

Masu hankali a cikin masu sayarwa hannu da hannu suna kare kansu. Wani zai ce sai ka nuna lasisin ɗaukar bindiga na jiha, don ya san an taɓa bincikarka. Wani zai rubuta takardar ciniki da lambar bindigar ku sa hannu. Wani zai ce mu haɗu a shago mu biya 'yan daloli a yi binciken. Dalilinsu a fili yake: in aka tsinci bindigar a wurin da aka yi ɓarna, daga kamfani za a bi ta zuwa shago, daga shago zuwa wanda ya fara saye, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa. Gwamnatin tarayya ba ta da rajistar masu bindiga, wata dokar 1986 ta hana, fom ɗin ma a shago yake zama.

Amma duk wannan ganin dama ne, kuma a nan nake ganin gyara. Mutumin da ya kashe mutum 7 a tsakanin garuruwan Midland da Odessa na nan Texas a watan Agustan 2019, ya taɓa zuwa shago a 2014 bincike ya hana shi. Sai ya nemi mai sayarwa hannu da hannu, ya samu. Wanda ya sayar masa ya sha ɗaurin shekara 2, shi ma don an gano sana'a ya mayar da abin ba tare da lasisi ba. Masu kare tsarin suna cewa ɓarawo ba ya bin doka ko an yi ta, kuma tilasta bincike hanya ce ta kafa rajista ta bayan gida. Na ji hujjarsu. Amma na ga yadda aka tsare Alhaji da tambayoyi kan bindiga ɗaya, na kuma ga irinta ta sauya hannu a tsaye cikin mintuna, ban ga yadda za a ce duka biyun daidai ne ba.

Yanzu ku saurara, 'yan uwana ɗalibai da masu bizar ziyara. Kasancewar babu wanda zai tambaye ka a cinikin hannu da hannu bai halatta maka ba. Dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga ko harsashi, sai in yana da lasisin farauta mai aiki ko wani uzuri makamancinsa. Har hayar bindiga a filin koyon harbi ta shiga ciki. Ina ganin yaranmu suna zuwa suna ɗaukar hoto suna sawa a Instagram. Abin da kan biyo baya in an kama ka shi ne gidan yari, sannan a tasa ƙeyarka gida.

Masu rubuto mini daga Zamfara da Katsina da Sakkwato cewa in taimaka in saka musu ɗaya a cikin motar da za a turo, na san halin da ake ciki, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Na tuna a 2022 har gwamnan Zamfara na lokacin, Bello Matawalle, ya ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu. Amma fitar da bindiga daga Amurka ba da izini ba babban laifi ne a nan, shigar da ita Najeriya kuma wani laifin ne daban, don a dokar makamai ta 1959 lasisi daga hannun shugaban ƙasa ko Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa, gwargwadon irin bindigar. Kwastam kuma suna buɗe kwantena, a Janairun 2017 kaɗai sun kama bindigogi 661 a Legas. Don haka kada wanda ya sake turo mini wannan saƙon, ba zan yi ba, ba kuma zan haɗa ku da mai yi ba. Bari in kunna sanyin nan kafin in narke, sai mun haɗu a shiri na gaba.