Gigin tsufa ne, ko wani ciwon ne daban?

[Hoto: tsohuwa zaune a bakin titi, jama'a sun zagaye ta da wayoyi]

Irin wannan bidiyon ba ya ƙarewa a Facebook da TikTok. An tsinci tsohuwa, ba ta san sunan unguwarsu ba, tana magana ba kan gado. Wasu su ce mayya ce, masu tausayi su ce gigin tsufa ne. Masu tausayin ma sau da yawa ba su canka daidai ba, domin aƙalla ciwo uku ne ke kawo wa tsoho irin wannan ruɗewa, kuma biyu daga ciki suna jin magani sosai.

[Rubutu a allo: kashi 14 cikin 100]

A 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. A Najeriya, binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta daga Jami'ar Ibadan, wanda ya fito a 2007, ya duba tsofaffi sama da 2,000 masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarbawa. Kusan kashi 7 cikin 100 sun yi fama da tsananin ciwon damuwa a shekarar da ta gabaci binciken.

[Hoto: ma'aikaciyar bincike da dattijo a zaure, ashana a kan tabarma]

Aikin masu bincike ba shi da wuyar fahimta. Suna bi gida-gida, su yi wa tsoho tambayoyi, su gwada tunaninsa. Tsohon gwajin da aka saba da shi a asibitocin Turai da Amurka yana sa mutum ya karanta jimla, ya rubuta wata, ya kwafi zane da fensir. Dattijon da bai taɓa riƙe fensir ba zai fāɗi ko da ƙwaƙwalwarsa garau take. Shi ya sa likitocin Ibadan suka fito da gwajin tsinken ashana: a jera tsinke huɗu a wata siffa, a ce ya jera irinta. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma kusan kyauta.

Amma gwajin tsohon rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne zama da wanda ke kwana yana tashi da shi, a yi masa tambaya guda: yaushe abin ya fara? A nan mutane suka fi kuskure, don haka mu ɗan tsaya.

[Hoto: kalanda, ana juya shafuka a hankali]

Cutar mantuwa, wadda muke kira gigin tsufa, a hankali take shigowa, cikin watanni da shekaru. Bara Inna tana maimaita labari, bana ta kasa lissafin canji, sannan ta fara ɓata hanyar gidan da ta shekara talatin tana zuwa. Ba wanda zai iya cewa ga ranar da ta fara.

Idan kuwa za ku iya faɗin ranar, kuka ce Baba lafiya lau ya je Juma'a amma ran Lahadi ya daina gane jikokinsa, to wannan ba gigin tsufa ba ne. Ruɗewa ce ta farat ɗaya, kuma alama ce cewa wani ciwo na cin jikinsa. Da safe ya dawo daidai, da magariba ya rikice, hankalinsa ba ya tsayawa wuri guda. Abubuwan da suka fi jawo ta sanannu ne: ciwon sanyi na mafitsara, namoniya, maleriya, ƙarancin ruwa a jiki musamman a zafin Afrilu, toshewar fitsari ko bayan gida, da faɗuwar sukari ga mai shan maganin ciwon suga, balle in ya ɗauki azumi. Sai magunguna: na barci irin su diazepam, na mura mai sa gyangyaɗi irin su Piriton, da tramadol. Kuma tsoho yana iya ɗauke da namoniya jikinsa bai yi zafi ba, ruɗewar ce kaɗai za ta nuna.

[Hoto: dattijo kwance, ya juya wa ɗaki baya]

Ba kullum take zuwa da hayaniya ba. Wani shiru zai yi, ya yi ta barci, ya bar cin abinci, iyali su ce ai hutawa yake. Irin wannan ce ta fi kuɓuce wa mutane, har ma'aikatan asibiti. Binciken asibitoci ya nuna kusan ɗaya cikin huɗu na tsofaffin da aka kwantar suna samun wannan ruɗewa. Wanda ke da cutar mantuwa ma ya fi kowa saurin kamuwa, don haka in mai gigin tsufa ya ƙara rikicewa cikin kwana biyu, kada a ce ciwonsa ne ya yi gaba. A nemi dalili.

Ga gwajin da za ku iya yi a gida: ku ce ya lissafo ranakun mako da baya, daga Asabar zuwa Lahadi. In ya tsaya a hanya ko hankalinsa ya tafi wani wuri, alhali makon jiya zai iya, a kai shi asibiti yau. Babban asibiti mafi kusa, inda za a auna sukari da jini da fitsari. Ba sai an nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna ba tukuna.

[Hoto: tsohuwa riƙe da carbi, kwanon abinci a rufe gabanta]

Na ukun shi ne ciwon damuwa, yakan shigo cikin makonni, sau da yawa bayan rasuwar miji ko mata, ko doguwar jinya, ko kaɗaici. Tsofaffinmu ba kasafai suke cewa "ina baƙin ciki" ba. Za ka ji ciwon jiki, rashin barci, nauyin ƙirji. In aka yi musu tambayar gwaji sai su ce "ban sani ba" tun kafin su gwada, alhali mai cutar mantuwa yakan yi ƙoƙari ya ba da amsar da ba daidai ba. In abin ya wuce mako biyu, a ga likita. Yana jin magani, kuma tunanin yakan dawo.

[Hoto: leda cike da kwalayen magani a kan teburin likita]

Ranar zuwa asibiti, a kwashe duk abin da yake sha a leda guda, na likita da na kemis da na gargajiya. Kuma wanda ke zaune da shi kullum ne zai raka shi, ko da jika ce ko suruka, domin ita ce za ta iya faɗa wa likita ranar da abin ya fara.