Yadda Binciken Jami'a Zai Kai Teburin Masu Tsara Siyasar Waje

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe, malamai, ɗalibai, sannunku da zuwa. Na baya kuna ji? To madalla. Abubuwa huɗu zan taɓo kan yadda binciken da ake yi a jami'a game da dangantakar ƙasa da ƙasa zai amfani masu tsara siyasar wajen Najeriya, kuma in sha Allahu ba za mu ci lokacin la'asar ba.

Na farko, kada wani ya ce muku wannan haɗi baƙo ne a ƙasar nan. Tun 1961 aka kafa cibiyar NIIA a Legas don nazarin harkokin duniya. Da Janar Murtala ya hau mulki a 1975, ya kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Adebayo Adedeji ya sake duba siyasar wajen ƙasar gaba ɗaya. Farfesa Bolaji Akinyemi ya shugabanci NIIA daga 1975 zuwa 1983, ya zama ministan harkokin waje a 1985, kuma a zamaninsa aka fara shirin TAC a 1987, mai tura malamai da likitocinmu ƙasashen Afirka da Karibiyan. Farfesa Ibrahim Gambari daga ABU Zariya ya tafi NIIA, daga can ya zama minista a 1984. Sai dai ku lura, duk a nan mutum aka ɗauka. In ya sauka, ƙofar sai ta rufu a bayansa, sauran malamai suna waje riƙe da kundayensu.

Na biyu shi ne lokaci, kuma a nan zan ɗan zauna. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka rufe iyaka, suka dakatar da ciniki, suka ba da wa'adin mako guda da barazanar amfani da ƙarfi, sannan aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar. Kwana huɗu, jama'a. Kwana huɗu! Malamin da ya aika maƙala mujallar ilimi kuwa yakan yi shekara guda yana jiran ta fito. To wa zai jira shi?

Kuma ba ilimin ne babu ba. Iyakar nan ta kai kusan kilomita 1,500, jihohi bakwai ne a jikinta: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Wanda ya yi nazarin kasuwar dabbobi ta Maigatari, ko zirga-zirgar Illela da Ƙonni, ko hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ya san rufe ta tamkar mutum ne ya ɗaure hannunsa na dama don ya horar da na hagu. Ya san Katsinar Maraɗi da Katsina gida ɗaya ne, ya san Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni 'yan'uwan juna ne. Waɗanda suka faɗi hakan da ƙarfi, majalisar dattawa ce da ta ƙi amincewa da yaƙi, da tawagar malaman addini da ta je Yamai a watan Agusta. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, bayan Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun ce sun fice daga ƙungiyar.

To me za a yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane sashe na jami'a da ke kusa da iyaka ya ajiye takarda a shirye kan maƙwabciyar ƙasarsa, ya riƙa sabunta ta duk wata uku. Ɗalibai, ku rubuta wannan. Shafi biyu, kada ta wuce. Sakin layi na farko shi ne shawarar kanta: a yi kaza, kada a yi kaza. Ba tarihin Turawan mulki ba, ba sunayen masana ashirin ba. Daga nan zaɓi uku, har da zaɓin a bar abin yadda yake. Ƙarƙashin kowane zaɓi a amsa tambaya huɗu: nawa zai ci, wa zai ji jiki a ɓangarenmu, mako nawa kafin ya fara cizo, kuma ta ina za a janye in bai yi aiki ba. Wannan ta ƙarshe ita aka fi mantawa. Sa takunkumi abu ne mai sauƙi, cire shi ba tare da an ji kunya ba shi ne aiki.

Alƙaluma kuma su zama naku. A sa ɗalibi biyu su riƙa ɗauko farashin sa da buhun gero a kasuwar iyaka duk mako, da canjin sefa da naira, da yawan tireloli da suka tsallaka. Littafi ɗaya da biro sun isa. In aka yi shekara biyu ana haka, kuna da abin da babu ofishin Abuja da ke da shi. Kowace lamba a rubuta ranar da aka ɗauke ta da kasuwar da ta fito, domin jami'i ba zai kai wa ubangidansa lambar da ba zai iya kārewa ba.

Sannan wa za a kai wa? Kowa minista yake hange. (Dariya.) Takardar da aka aika wa minista sakatare ne zai jera ta a fayil. Ku nemi jami'in da ke riƙe da teburin ƙasar a ma'aikata, shi ne ke rubuta daftarin farko da ke hawa sama. Ku ba kwamitin harkokin waje na majalisa kwafi, ku ba ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kuma kada ku ba ofishi shawarar abin da ba huruminsa ba, buɗe ƙofar iyaka ba aikin jakada ba ne.

Na uku, ko na huɗu ne? To, in haɗa su. Ƙarin girma a jami'a maƙalar mujalla yake ƙirgawa, takarda mai shafi biyu ba ta da maki, shi ya sa ba mai ɓata dare a kanta. Majalisar jami'a na iya gyara wannan. Sai Faransanci: Benin, Nijar, Chadi, Kamaru, duk da shi suke aikin gwamnati, amma ɗalibinmu zai gama digiri na uku a kansu bai karanta jaridar Yamai ko ɗaya ba.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko malamin da ya kusanci gwamnati ba zai koma ɗan amshin shata ba.)

Malama, kin taɓo wurin da ke ciwo. Ki duba Bakassi, yankin da Najeriya da Kamaru suka yi jayayya a kansa. A 2002 kotun duniya ta ba Kamaru shi, ta dogara da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 da sanarwar garin Marwa ta 1975 da Gowon da shugaban Kamaru Ahidjo suka sa wa hannu. A irin wannan shari'a, masanin da ya karanta takardun ya ce wa gwamnati "muna da ƙarfi" don ya faranta mata rai, cutarta ya yi. Saboda haka sharuɗɗa uku kafin ki karɓi aikin: a rubuta cewa kina da damar buga bincikenki bayan wani wa'adi, ki bayyana wanda ya biya kuɗin, sannan ki raba abin da kika gano da abin da kike ba da shawara, kowanne da kansa. Shawara suna iya ƙinta, haƙƙinsu ne, su aka zaɓa. Abin da kika gano kuwa ba a sauya ko harafi ɗaya. In suka ƙi sharaɗin farko, ki mayar musu da kuɗinsu.

Ranka ya daɗe, na ga kana nuna agogo, kuma ga ladan ya fara. Mai tambaya kan tafkin Chadi, mu haɗu a bakin ƙofa bayan salla.