Karin kumallo a ƙofar masallacin Jama, tsohon birnin Delhi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya. Ƙarfe bakwai ta ɗan gota a nan Delhi, yanzu na hauro daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Chawri Bazar. Ku yi haƙuri da hayaniyar, sai na riƙa ɗaga murya.

Mako uku ke nan da muka kawo Hajiyarmu asibiti. Jiki da sauƙi alhamdu lillahi, yau ƙanwata ce a wurinta. Abin da ya fito da ni shi ne 'yan uwanmu masu jinya da nake haɗuwa da su, daga asibiti sai masauki, kullum shayi da burodi, saboda tsoron cin naman da ba su san wanda ya yanka ba. Ban ga laifinsu ba, ni ma haka na yi satin farko. Amma ku biyo ni ku gani.

Ga masallacin Jama can, jan dutse da farin marmara. Sarki Shah Jahan, wanda ya gina Taj Mahal, shi ya gina shi, aka kammala a 1656. Wannan layin da ke kallon ƙofa ta ɗaya sunansa Matia Mahal, unguwar Musulmi ce tun kaka da kakanni. Duk wanda ya san lungunan kasuwar Kurmi ya san irin matsin nan: babur, akuya, mai tura kura, kowa na neman hanya a taku biyu. Ku ɗaga kai ku ga wayoyin lantarki yadda suka cukurkuɗe.

To, ga abin da na zo dominsa. Kun ga tukunyar can da aka binne rabinta a murhu? Nihari ke nan. An ce sunan daga kalmar Larabci “nahar”, wato rana, ya fito, don abincin safe ne, bayan asuba ake cinsa. Tun dare ake ɗora shi a kan wuta kaɗan kaɗan, naman ƙauri da ɓargo, har gari ya waye. Dattijon nan mai jan gemu, na yi masa sallama na ce “chacha”, wato baffa, irin Indiyancin da muka tsinta a finafinai tun muna yara. Ya yi murmushi ya nuna mini benci.

Bari in matso da kyamarar. Dubi romon, mai kauri, mai ya taso a kai jawur. Ya barbaɗa ɗanyar citta da aka yanka sirara, da koren barkono, ya ajiye lemon tsami a gefe. Gurasar kuma yanzu yaron ya zaro ta daga tanderu, sai da na sauya hannu don zafi. Bismillah. Kai, jama'a! Naman nan ba ya buƙatar haƙori, da gurasa kawai nake yagarsa. Yajin ba ya dukan harshe nan take, sai ka haɗiye ka ji ɗumi ya sauka har ƙirji. Kuma ku sani, ba naman saniya ba ne, doka ta hana yanka saniya a Delhi. Ɓauna ce, amma ba irin ta dajinmu ba, tasu ta gida ce, kiwonta ake yi ana tatsar nononta.

Ruwa dai na gora nake sha, wanda na buɗe da hannuna. Wannan ku riƙe shi da kyau, musamman mai jinya.

Yanzu sha ɗaya ta wuce, na hau keken da mutum ke tuƙawa da ƙafa, mun bi ta Chandni Chowk, babban titin kasuwar tsohon birni. Na tsaya na ci jalebi guda, wani soyayyen kayan zaƙi nasu, zaƙinta ya yi mini yawa, mu wuce.

Nan ne Khari Baoli, babbar kasuwar kayan ƙamshi ta sari. Tun kafin ka ga buhunan za ka fara atishawa, kuna jin tarin mutane ta ko'ina, ƙurar busasshen barkono ce ta cika iska. 'Yan dakon nan da ke ɗauke da buhu a ka, cikinta suke wuni, wasu sun ɗaure hanci da ƙyalle, wasu ko shi babu. Wallahi sun ba ni tausayi. Ga kurkur, ga kirfa, ga hulba, kanumfari kuwa tsibi guda kamar ƙasa. Mai shagon ya ɓare mini ƙwayar cardamom ɗaya a tafin hannu, irin wadda alhazai ke sha a gahawa a Makka, ƙamshin ya buɗe mini hanci.

Na sa ya auna mini ita da citta da kanumfari, don tun jiya Hajiya ke cewa shayin asibiti ba shi da ɗanɗano. Masallacin Fatehpuri na nan kusa, can zan jira azahar, daga nan in koma wurinta. Ku sa ta a addu'a.