Wa Ake Ba Dama Ta Biyu?

Jama'a masu sauraronmu, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

A shekarar 2016 wasu masana biyu na babban bankin Italiya suka ɗauko kundin harajin birnin Fulorans na shekarar 1427, suka ajiye shi gefen na 2011, suka bi sunayen zuri'a ɗaya bayan ɗaya. Sai suka tarar masu ɗauke da sunayen gidajen da suka fi samu a wancan zamani, su ne dai suka fi rinjaye a sama har yanzu. Kusan shekara 600 ke nan. A tsakani an yi annoba, an gwabza yaƙe-yaƙe, dauloli sun kafu sun rushe, amma gata bai bar gidajen da ya saba kwana ba.

Na kawo wannan ne saboda wata magana da ta cika kunnuwanmu. Duk attajirin da aka miƙa wa abin magana, da wuya bai ce da guminsa ya samu ba, ya fara ba shi da ko sisi, kuma duk wanda ya dage zai kai inda ya kai. Matasa su rubuta a littafi, su koma gida suna zargin kansu da lalaci. Rabin labarin gaskiya ne. Rabin da ake ɓoyewa shi ya dame ni.

Mu ɗauki Bill Gates. Babu mai musun kaifin basirarsa ko naci irin nasa. Amma a 1968, yana ɗan shekara 13, makarantar kuɗi da yake zuwa a birnin Siyatul, wato Lakeside, ta samar wa ɗalibanta hanyar aiki da kwamfuta, a lokacin da ɗaliban jami'a da yawa ma ba su taɓa zama gaban ta ba. Ƙungiyar iyaye mata ce ta tara kuɗin. A nan ya haɗu da Paul Allen, wanda suka kafa Microsoft tare a 1975. Mahaifinsa babban lauya ne. Mahaifiyarsa kuwa tana zama a kwamitin wata ƙungiyar agaji tare da John Opel, shugaban kamfanin IBM. A 1980, da IBM ke neman manhajar da za ta tafiyar da sabuwar kwamfutarsa, sai Gates da kansa ya tura shi wajen wani kamfani daban, Digital Research, ciniki bai faɗa ba, sannan aikin ya dawo hannun Microsoft. Da wancan ciniki da Digital Research ya faɗa, da wataƙila wani suna duniya ke kira yau. Gates da kansa bai taɓa ɓoye cewa ya taki sa'a ba.

Jeff Bezos ma, a 1995, iyayensa sun zuba kimanin dala 245,000 a Amazon, kamfanin da ya kafa, bayan ya gaya musu ƙarara cewa akwai yiwuwar kuɗin su salwanta. Aliko Dangote, wanda ya fi kowa dukiya a Afirka, ya fara kasuwanci a 1977 da rancen da ya samu a cikin dangi, kuma ta wajen uwa ya fito ne daga gidan Alhassan Dantata, mutumin da ake lissafawa a matsayin mafi arzikin Afirka ta Yamma lokacin rasuwarsa a 1955. Warren Buffett, attajirin Amurka mai zuba jari, wanda mahaifinsa ɗan majalisar dokokin Amurka ne, ya sha faɗin cewa babbar nasararsa ita ce inda aka haife shi da lokacin da aka haife shi, abin da ba shi da hannu a ciki.

Kada a fahimce ni a baibai. Dubban 'ya'yan masu hali sun samu jari irin wannan sun cinye, ko labarinsu ba a ji. Waɗannan da na ambata sun yi aiki tuƙuru. Sai dai a lura da abin da gata ke saya wa mutum. A Amurka, alƙaluman hukuma na nuna cewa cikin sabbin kamfanoni biyar, kusan ɗaya kan mutu a shekarar farko, kuma kusan rabi ba sa wuce shekara biyar. Faɗuwa ke nan abu ne da aka saba da shi a kasuwa. To idan ɗan gata ya faɗi, ɗakinsa na nan a gidan ubansa, akwai wanda zai biya bashin, akwai wanda zai ɗaga waya ya yi masa magana da manajan banki. Ya karkaɗe rigarsa ya sake gwadawa, karo na biyu, na uku, har ya dace. Ranar da ya dace kuwa, sai a kira shi jarumi mai ƙarfin hali. Ɗan talaka sau ɗaya yake jefa ƙuri'arsa. Jarinsa shi ne kuɗin makarantar ƙannensa da maganin mahaifiyarsa. In ya karye, masu bin bashi na bakin ƙofa, kuma shekara goma ba lallai ta ishe shi miƙewa ba. Da yawa ma ba sa farawa, kuma hankali ne ya hana su, don sun san abin da za a rasa. Ana cewa sa'a ta fi sammako, amma wani sau ɗaya tak aka bar shi ya fita nemanta.

Ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, OECD, ta yi lissafi a 2018 kan tsawon lokacin da zuri'ar talaka ke ɗauka kafin ta kai matsakaicin samu na ƙasarta. A Denmak, tsatso biyu. A Afirka ta Kudu da Barazil, tara. A Kolombiya, goma sha ɗaya. Shin 'ya'yan Kolombiya sun fi na Denmak ƙyuya ne? Ko kusa. Makaranta, asibiti da tsarin haraji ne suka bambanta.

Mu da muka yi imani da ƙaddara ya kamata mu fi kowa gane wannan. Alƙur'ani ya ba mu labarin Ƙaruna a Suratul Ƙasas: da mutanensa suka yi masa nasiha, sai ya ce ai dukiyar nan an ba shi ne saboda wani ilimi da ke gare shi. Wannan kalma ita ce nake jin tsoro. Duk mai kuɗin da ya yarda cewa dabararsa kaɗai ta kai shi, to ya riga ya yanke wa matalauci hukunci cewa wautarsa ce ta bar shi a ƙasa. Daga nan haraji ya zama zalunci a idonsa, taimako kuma ya zama alfarma.

Dukiya dai ta mai ita ce, kuma gado halal ne. Inda abin ya fi muni shi ne a ɗauki kujerar mulki a saka ta cikin kayan da ake rabawa.

Ranar 10 ga Yunin 2000 Hafiz al-Assad na Siriya ya rasu. Kundin tsarin mulki ya ce sai mai shekara 40 zai shugabanci ƙasa, ɗansa Bashar kuwa 34 gare shi. Cikin sa'o'i majalisa ta zauna ta mayar da shekarun 34. Shi Bashar likitan ido ne, yana ƙaro ilimi a Landan aka kira shi gida a 1994, bayan yayansa Basil, wanda ake shiryawa, ya mutu a haɗarin mota. Haɗarin mota ɗaya ya zaɓa wa miliyoyin mutane wanda zai mulke su shekara 24. A Togo, da Gnassingbé Eyadéma ya rasu a 2005 bayan shekara 38 kan mulki, doka ta ce shugaban majalisa ne zai riƙe ƙasa, sojoji suka ɗora ɗansa Faure, kuma har yau ragamar na hannunsa. A Gabon gidan Bongo ya riƙe daga 1967 har zuwa juyin mulkin Agustan 2023. A Cadi ma ɗa ya gaji uba a 2021.

Wani zai ce ai wannan halin 'yan kama-karya ne. To ina batun Indiya, inda Nehru da 'yarsa Indira da jikansa Rajiv duk suka yi firaminista ta hanyar ƙuri'a? Ga Bush uba da ɗa a Amurka, ga Kenyatta uba da ɗa a Kenya. A Filifin, jama'a sun kori Ferdinand Marcos a 1986, sannan a 2022 suka zaɓi ɗansa da gagarumin rinjaye. Dama ta biyu ke nan, irin wadda ba a ba kowa.

Akwai wani bincike da aka buga a 2009 kan majalisar dokokin Amurka da ya kamata kowane mai zaɓe ya sani. Masanan sun kwatanta 'yan majalisar da suka sake cin zaɓe da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, mutanen da tazararsu 'yan ƙuri'u ce kawai. Sai ga shi waɗanda suka tsallake sun fi samun wani ɗan uwa da ya shiga majalisa daga baya. Ke nan ba wata baiwa ce ke gudana a jini ba. Daɗewa kan kujera ce ke haifar da suna, da masu ba da kuɗin yaƙin neman zaɓe, da mutane a cikin jam'iyya, ɗa ya taso ya tarar an share masa hanya. Masu cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe su tuna cewa ba a taɓa barin ɗan wani ya shiga tseren ba, balle a ga gudunsa.

Ban ce a haramta wa ɗan shugaba takara don sunan ubansa ba. Shi ma ɗan ƙasa ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka yi abin kirki. Amma Sayyidina Umar, yana kan gadon ajali, ya zaɓi mutum shida su fitar da halifa a tsakaninsu, ya yarda ɗansa Abdullahi ya zauna a matsayin mai ba da shawara, ya hana a ba shi mulkin. Abdullahi kuwa ba ilimi ya rasa ba, ba tsoron Allah ba. Uban ya san amana ce.

Abin da nake nema a bayyane yake. Jam'iyyu su yi zaɓen fid da gwani na gaskiya, a rage tsadar takara, a tilasta wa mai riƙe da muƙami bayyana kadarorinsa da kwangilolin da danginsa suka samu. Makarantar gwamnati ta zama wadda ɗan talaka zai fito daga cikinta ya yi gogayya da kowa. A samar da rance da dokar karyewar jari da za su bar ƙaramin ɗan kasuwa ya sake tashi bayan ya faɗi. Kuma a sani cewa masu cin moriyar tsarin ba za su gyara shi don raɗin kansu ba. Kundin tsarin mulkin Filifin na 1987 ya haramta mulkin 'yan gida ɗaya, amma ya bar wa majalisa ta fayyace shi da doka, majalisar da 'ya'yan manyan gidaje suka cika. Aka kwashe sama da shekara 30 dokar ba ta fito ba. Inda aka samu ta wuce shi ne zaɓen majalisun matasa na unguwanni, a 2016, inda aka hana makusantan dangin masu riƙe da muƙami tsayawa. Kujerun sanatoci da gwamnoni kuwa, ba a taɓa su ba.

Sai mun sake saduwa a sharhi na gaba. A huta lafiya.