Me ya sa marubutan labaran matasa suka hana Anastasia kwanciya?

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Duk mai bibiyar ƙagaggun labaran da ake rubuta wa matasa a Turai da Amurka zai lura da wata yarinya da ke yawan dawowa: Anastasia, ƙaramar 'yar Sarkin Rasha na ƙarshe, Nikolas na Biyu. Wannan ya mai da ita fatalwa, wancan ya tsayar da ita tsakanin duniya da lahira. To, me ya sa sai ita?

Mu fara da abin da ya faru. A daren 16 wayewar 17 ga Yulin 1918, a birnin Yekaterinburg, 'yan Bolshebik, masu juyin juya halin da suka karɓe mulkin Rasha, suka tashi iyalin Sarki daga barci a gidan Ipatiev, inda ake tsare da su, suka ce a sauka ɗakin ƙasa. Nan aka buɗe musu wuta. Mutum 11 aka kashe: Sarki, matarsa Alexandra, 'ya'yansu biyar, likitansu da hadimai uku. Anastasia tana da shekara 17, ƙanenta Alexei 13. 'Yan matan sun ɗinke lu'ulu'u a cikin tufafinsu, har harsashi ya riƙa kaucewa, sai da aka ƙarasa su da wuƙar bindiga.

Da farko hukuma mutuwar Sarki kaɗai ta sanar. Babu gawa, babu kabari, sai jita-jita. A 1920 aka tsamo wata mata daga ruwa a Berlin, wadda daga baya aka sani da Anna Anderson, ta yi ta cewa ita ce Anastasia har ta rasu a 1984. Sai a 1994 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ba ta da dangantaka da gidan sarautar. Da aka tono ramin da aka ɓoye gawawwakin a 1991, gawa tara aka samu. Babu Alexei, kuma 'yan mata uku kawai aka samu cikin huɗu. Ragowar biyun sai a 2007 aka gano su, a wani rami kusa da na farko.

Ku duba tsawon wannan giɓi. Kusan shekara 90 ana da yarinyar da ba a iya rantsewa ta mutu, ba a kuma iya nuna ta da rai. Marubuci bai sha wahalar ƙirƙiro mata barzahu ba, tarihi ya riga ya gina masa.

Al'adar Rasha ma ta ba shi kayan aiki. A wurin mabiya Cocin Orthodox, rai yakan yi kwana 40 kafin a yanke masa matsayi, shi ya sa ake addu'a a rana ta uku, ta tara da ta arba'in. Bahaushe da ya san sadakar uku da ta arba'in ba zai ji wannan baƙo ba. Ana rufe madubai a gidan mutuwa. Akwai kuma tsohuwar koyarwa cewa rai yakan bi ta shingaye 20 a sararin sama, a kowanne aljanu su tuhume shi da wani zunubi, ko da yake malaman cocin ba bakinsu ɗaya a kai ba. Kwana 40, shinge 20: ga babi-babi nan a shirye. Ga kuma Baba Yaga ta tatsuniya, tsohuwar da bukkarta ke tsaye a kan ƙafafun kaza a bakin daji, wadda manazarta da dama ke ɗauka a matsayin mai gadin ƙofar matattu.

Inda nake da ja da irin waɗannan littattafai shi ne yadda suke wanke gidan sarautar tas. Yaran ba su da laifi, wannan gaskiya ne. Amma a mulkin ubansu ne sojoji suka harbe ma'aikata masu zanga-zangar lumana a St. Petersburg a Janairun 1905, kuma da wuya ka ga fatalwar ɗaya daga cikinsu ta samu ko shafi guda. Kai, ko waɗanda suka mutu a ɗaki ɗaya da Anastasia ba a cika kula su ba: likita Botkin, kuku Kharitonov, bara Trupp, da Anna Demidova, hadimar Sarauniya, wadda ta sauko riƙe da matashin kai. A 1998 tare da iyayen gidansu aka binne su a St. Petersburg, amma har yau mai rawani ake ba wa labarin.