Too ko very? Inda yabo ke komawa ƙorafi

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kallo. Ku dubi abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton amaryar nan: She is too beautiful. Yabo ake nufi, babu shakka. Amma in Baturen Ingila ya karanta, sai ya tsaya yana jiran sauran magana. Kyau ya yi yawa, to me ya hana?

Mene ne bambancin too da very? Tambayar da kuka yi ta aiko mana ke nan a 'yan kwanakin nan, don haka mu je teburin mai shayi.

Ga kofi na farko. The tea is very hot. Da zafi sosai, amma ku duba, yana hurawa yana kurɓa. Ga na biyu. The tea is too hot. Ku kalli fuskarsa. Ya ajiye.

Very tana ƙara wa siffa ƙarfi ne kawai, kamar mu ce sosai ko ƙwarai. Ita kuwa too, duk inda ta zo gaban siffa, cewa take yi abu ya wuce kima har ya kawo cikas. Ba yayar very ba ce da ta fi ta ƙarfi, aikinsu ne ya bambanta. Kuma mu ma haka muke magana a gida. In maigida ya ce gishiri ya yi yawa a miya, babu uwargidan da za ta ce masa na gode.

Ga gwajin da nake ba ɗalibai. Kafin ka rubuta too, ka ƙara kalmar Turanci to bayan siffar, ka faɗi abin da ya gagara. Too hot to drink, shayi ya ƙi shawuwa. Too heavy to carry, buhu ya ƙi ɗaukuwa. Too young to vote, yaro bai kai shekara 18 ba, babu ƙuri'a. Kun tuna dokar Not Too Young To Run da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2018? Ita ta rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, ta Majalisar Wakilai kuma daga 30 zuwa 25. Sunan kansa darasi ne: ƙuruciyar ba ta kai ta hana tsayawa takara ba. To, amaryarmu fa? Kyanta bai hana komai ba. She is very beautiful, shi ke nan.

Daga ina ruɗanin ya fito? A ganina, rabinsa daga Turancin Buroka ne. In ɗan Legas ya ce maka You too much, ya kai ka ƙololuwar yabo, kuma wallahi kalmar tana da daɗi a kunne. Harshe ne mai ƙa'idarsa, ba kuskure ya yi ba. Sai dai mai duba takardar WAEC ko NECO ba da wannan ma'aunin yake aiki ba. Abin da ya fi damuna shi ne takardar neman aiki. Matashi ya yi karatu, ya cancanta, sai ya rubuta I am too interested in this job, alhali very interested yake nufi.

Sauran kuwa a gurguje, ga su a allo. Too much ga abin da ba a ƙirgawa, kamar ruwa da sukari. Too many ga abin ƙirge, motoci, mutane. Overly, excessively da unduly duk dangin wuce gona da iri ne, an fi ganinsu a jarida da takardun ofis.

Samari, ku kula da wannan. In too ta zo ita kaɗai a ƙarshen jimla, ma'anarta ma, kamar a ni ma ko shi ma. I love you too, ni ma ina sonki. I love you too much kuwa, kamar kana cewa son ya fi ƙarfinka ne, a kawo ɗauki. Very much za ka ce.

Akwai wurin da Turawa da kansu ke godiya da ita. Ka yi wa mutum alheri, sai ya ce You are too kind, wato ɗawainiyar ta yi yawa, irin yadda baƙo ke faɗa in an cika masa gaba da abinci. Wannan a dunƙule ake haddace ta, ba a gina wata jimla a kanta.