Darasin Lafiya: Idan Sikeli Ya Tsaya Cik Bayan Shekara Arba'in

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Darasinmu na yau na waɗanda suka haura shekara arba'in ne, suka dage da rage ƙiba, nauyi ya yi ta sauka wata da watanni, sannan sikeli ya tsaya cik. Mu ɗauki misalin baiwar Allah mai shekara 48 da ta sauko daga kilo 92 zuwa 84 cikin wata shida, amma yau mako na biyar ke nan allurar sikeli ba ta gusa ba, alhali ba ta fasa komai ba cikin abin da take yi.

Abu na farko da nake so ta sani shi ne jikin kilo 84 ba ya ƙona abincin da jikin kilo 92 yake ƙonawa, kamar yadda motar da aka sauke wa kaya ba ta shan mai kamar lokacin da take maƙare. Abincin da a da ya gaza buƙatar jikinta, yanzu ya zo daidai da ita, shi ya sa nauyi ya tsaya. Ga kuma yunwa da take ƙaruwa idan mutum ya rame, sai loma ta riƙa girma ba tare da ya lura ba.

Da yawa suna ɗora laifin a kan shekaru, su ce injin jiki ya mutu. A 2021 mujallar Science ta wallafa binciken da Herman Pontzer da abokan aikinsa suka yi a kan mutane fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, suka gano cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, saurin ƙona abinci ba ya wani sauyawa daga shekara 20 har zuwa 60. Abin da yake sauyawa shi ne tsoka, wadda take zaizayewa a hankali tun daga shekara 30, da kuma yawan zama. Ga mata kuma, ɗaukewar al'ada, wadda galibi take zuwa tsakanin shekara 45 da 55, tana sa kitse ya koma taruwa a ciki. Ni a ganina wannan albishir ne, domin tsoka da zama duka suna hannun mutum.

To mu shiga madafa. Kafin ki rage malmalar tuwo, Hajiya, ki fara duba mai. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 120, kuma mafi yawanmu daga galan muke tuttulawa cikin tukunya har sai ya taso saman miya. Ki gwada na mako guda: ki tsiyaya man a cokali, ki ƙirga, sannan ki zuba. Ranar farko za ki sha mamakin adadin. Haka abin sha: kwalbar Coca-Cola mai santilita 50 tana da sukari giram 53, wato kimanin ƙananan cokula 13, kuma zoɓo ko kunun aya da aka cika wa sukari ba su tsira daga wannan lissafi ba don kawai a gida aka haɗa su.

Ina roƙonku kada ku maida martani da horon yunwa. Wanda ya wuni da ruwan shayi kaɗai tsoka yake asara tare da kitse, kuma da dare yunwa za ta ci ƙarfinsa. Abin da ya fi shi ne kowane cin abinci ya kasance da abin gina jiki, kamar wake, ƙwai, kifi, awara, nono marar sukari ko naman da ba kitse, sannan ganye irin su zogale, rama da alayyafo su cinye rabin faranti, tuwo ko shinkafa su tsaya a kwata.

Sai motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin tafiyar sauri da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wannan na biyun shi ake yawan mantawa, kuma ba ya buƙatar zuwa gidan motsa jiki. Malam, ka samu kujera mai ƙwari ka jingina ta da bango, ka harɗe hannu a ƙirji, ka zauna a hankali ka miƙe sau 10, ka huta minti ɗaya, ka maimaita har zagaye uku. Ka dafa bango da tafukan hannu ka riƙa kai ƙirji kusa da shi kana turawa baya. Gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi nauyinta kilo ɗaya da rabi ne, ta isa a fara ɗagawa da ita. Idan abin ya zama wasa bayan mako biyu ko uku, a ƙara nauyi ko adadi, domin tsoka ba ta ginuwa da abin da ta riga ta saba.

A nemi barcin awa bakwai, saboda ƙarancinsa yana tayar da kwaɗayin zaƙi da maiƙo.

Game da awo, a hau sikeli da safe kafin karin kumallo, a kuma kwatanta mako da mako, domin gishiri da dunƙulen miya kaɗai suna iya riƙe ruwan da zai ɓoye ci gaban kwanaki. A haɗa da tef ɗin tela, a zagaya shi daidai cibiya: abin nema shi ne kewayen ƙugu ya gaza rabin tsayin mutum. Sau da yawa zani ko wando yakan saki alhali sikeli bai motsa ba.

Mai ciwon suga da yake shan magani ko allurar insulin, da mai hawan jini ko ciwon zuciya, ya tuntuɓi likitansa kafin ya sauya abinci ko ya ƙara atisaye, domin suga na iya faɗuwa ƙasa fiye da kima. Wanda kuma yake fama da kasala, jin sanyi da bushewar fata tare da tsayawar nauyi, ya nemi a gwada masa ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, ya kuma tafi da duk magungunan da yake sha a duba, tunda wasunsu suna ƙara ƙiba. Sai mun haɗu a darasi na gaba, a huta lafiya.